Windows ko Linux: wanne ya dace da kwamfutar gida a karkara?

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da shi za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum, amma gyare-gyaren tsaron da ake turo mata duk wata sun tsaya, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, shi ma wannan wa'adin na ɗan lokaci ne. Wannan labari ya shafe mu a karkarar Jigawa da Kano fiye da yadda muke zato. Yawancin laftof ɗin da ke hannun malaman makaranta, ɗalibai da ma'aikatan asibitin ƙauye na hannu ne, irin su HP EliteBook, Dell Latitude da ThinkPad, waɗanda aka sayo a Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre a birni, ko wani ɗan'uwa ya aiko. An gama morarsu a ofisoshin Turai kafin su iso mana, kuma da yawansu ba za su iya hawa Windows 11 ta hanyar da kamfanin ya amince ba.

Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, ya zo da sharuɗɗa. Yana neman ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, gigabait 4 aƙalla, ma'ajiya gigabait 64, da wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0. Sharaɗin da ya fi kayar da kwamfutocinmu kuwa shi ne na furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar: in ta Intel ce, sai ta kasance zubi na takwas zuwa sama, in ta AMD ce, daga Ryzen 2000. Gane wannan ba ya buƙatar injiniya. Ka danna hannun dama a kan This PC, ka zaɓi Properties, ka karanta lambar da ke biye da i3, i5 ko i7. In ka ga i5-3320M, zubi na uku ke nan. In i5-6300U ce, na shida. In ka ga i5-8250U, ka tsallake siraɗi. Kada tambarin da ke manne a jikin kwamfutar ya ruɗe ka. Mai shago zai ce maka "Alhaji, ai wannan Core i7 ce," kuma gaskiya ya faɗa, amma i7 ta zubi na uku ba ta cika sharaɗin da i3 ta zubi na takwas ta cika ba.

To mai Latitude E6430 ko EliteBook 840 G3 da ke aiki lafiya ƙalau, me zai yi?

Zai iya zama a kan Windows 10 ya ƙyale. Wannan kamar soron ƙasa ne da aka daina yi wa yaɓe: daminar farko ba zai rushe ba, ta biyu ma wataƙila ya sha, amma kowace tsaga da ta buɗe haka za ta zauna. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda maganin bai shiga kwamfutocinsu ba. In kwamfutarka ba ta taɓa intanet, haɗarin ya ragu. In kuwa da ita kake buɗe imel, kake shiga shafin makaranta, kake biyan kuɗi, to kullum haɗarin ƙaruwa yake yi.

Zai kuma iya kai ta wajen mai gyara a cusa mata Windows 11 da ƙarfi. Akwai dabarar tsallake sharuɗɗan, kuma tana aiki. Sai dai Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo wa irin wannan kwamfuta gyare-gyare ba, kuma sau da yawa babban sabon zubin shekara ba ya shigowa da kansa, sai an sake komawa shago. Ga kwamfuta mai ram gigabait 8 da SSD, wato sabuwar ma'ajiya mai sauri wadda babu abin da ke juyawa a cikinta, wannan hanya ba ta da laifi sosai. Ga mai gigabait 4 da tsohon faifai mai juyawa, wahala ce zalla: ka kunna, ka je ka yi alwala ka dawo, tana nan tana lodi.

Sayen wata kuwa, wanda yake da hali ya saya, ya dai tabbatar zubi na takwas ce ko sama. Maganata da wanda kuɗin taki da kuɗin makarantar yara suke gabansa ce, kuma shi ne ya kamata ya san hanya ta huɗu, wato Linux.

Shi Linux ɗin, mene ne?

Babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta, aiki ɗaya suke yi da Windows. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fara rubuta zuciyarta a 1991 a birnin Helsinki, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983. Lasisinta ya ba kowa damar ya kwafa, ya raba, ya duba yadda aka gina ta, ya gyara. Ba baƙuwa ba ce a gidajenmu: wayar Tecno, Infinix ko itel da ke aljihunka, Android ɗin cikinta a kan zuciyar Linux aka ɗora shi.

Saboda kowa na da 'yancin haɗa nasa, ire-irenta sun yi yawa, kuma wannan yawan ne ke fara rikita sabon shiga. Akwai Debian tun 1993. Akwai Ubuntu, wanda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004. Akwai Linux Mint da ya fito a 2006, an gina shi a kan Ubuntu. Shawarata ga mutumin da ya saba da Windows ita ce kada ya tsaya zaɓe-zaɓe, ya ɗauki Mint. Maɓallin farawa yana ƙasa ta hagu, agogo yana ƙasa ta dama, fayiloli suna buɗuwa da danna biyu. Zubi na 22 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029. Yana zuwa da fuska uku: Cinnamon ga kwamfuta mai ƙarfi, MATE, sai Xfce ga mai rauni. Duk kwatancin da zan yi a ƙasa, da Mint nake yi.

Ba kuma abin wasan yara ba ne. Jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocin gwamnati kusan 30,000 zuwa Linux da LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi ta kyauta. A ɗaya ɓangaren, birnin Munich ya daɗe a kan Linux, sannan a 2017 majalisarsa ta yanke shawarar komawa Windows. Ƙaura tana yiwuwa, kuma tana da tsadarta.

Nauyi, wuta da data

A nan ne Linux ya fi yi wa Windows nisa a irin yanayinmu. Mint yana neman ram gigabait 2 kawai don ya tashi, ko da yake sai da 4 ake jin daɗinsa, da fili gigabait 20. Fuskar Xfce, in ka kunna ba ka buɗe komai ba, ba ta cika cin gigabait ɗaya ba, yayin da Windows 11 kan cinye fiye da rabin gigabait huɗun kafin ka taɓa komai. Amma a yi adalci: birauza ba ta san wannan bambanci ba. Shafuka goma a Chrome ko Firefox abin da suke ci a Windows shi suke ci a Linux. Kuma in kana da 'yan kuɗi kaɗan da za ka kashe, cire tsohon faifai ka saka SSD, ko da mai gigabait 128 ne. Saurin da wannan ke kawowa ya fi na sauya manhaja, kuma SSD ba ta jin girgizar babur a kan hanyar burji yadda faifai mai juyawa ke ji. Haɗa biyun, SSD da Mint, shi ke mayar da kwamfutar 2012 abar amfani.

Batir kuwa, kada wani ya yi maka alkawari. A wasu kwamfutocin Linux ya fi riƙe caji, a wasu Windows ya fi, domin masu ƙera su da Windows suka gwada su. Batirin da ya mutu ya mutu, ko me ka saka.

Data ita ce inda na fi so a tsaya a duba. Mutumin da ke kunna hosfot ɗin wayarsa da data ta mako ya san zafin ya haɗa kwamfuta, ya juya, ya tarar rabin datar ta tafi ba tare da ya buɗe komai ba. Windows yana sauko da gyare-gyarensa da kansa. Akwai maganin hakan: ka shiga saitin Wi-Fi ka nuna masa cewa wannan layin na awo ne, ko ka dakatar da sabuntawa na 'yan makonni. Mutane ƙalilan ne suka san wurin. A Mint kuwa wata 'yar garkuwa ce ke fitowa kusa da agogo ta sanar da kai akwai sabon abu. Ka buɗe, ka ga jerin abubuwan da girman kowanne, ka bari sai dare lokacin garaɓasar data, ko sai ka shiga Dutse, Haɗeja ko Wudil inda sabis ya fi ƙarfi. Ba ya kuma tsare ka da allon nan mai cewa kada ka kashe kwamfuta daidai lokacin da mai janareta ke shirin rufe shago. Duk da haka, ko a Linux, kada ka fara sabuntawa da batir saura ƙiris. Mint yana da wata manhaja mai suna Timeshift da ke ajiye hoton tsarin, in abu ya lalace ka koma jiya. Ka kunna ta tun ranar farko.

Shi kansa Mint ɗin bai kai gigabait 3 ba wajen saukewa, na Windows 11 ya haura 5. Kuma mutum ɗaya ne zai sauke, filashi ɗaya ya zaga unguwa, babu lambar lasisi, babu haramci. Gargaɗi ɗaya: a kantin manhajojin Mint wasu abubuwan suna zuwa iri biyu, ɗaya na tsarin kansa, ɗaya mai alamar Flatpak. Na Flatpak yakan jawo ƙarin kaya na ɗaruruwan megabait a karon farko. Mai ƙididdigar data ya duba girman kafin ya danna.

Filashi da bairos

Duk wanda ya taɓa kai filashi shagon buga takardu ranar kasuwa ya san abin. Ka dawo gida ka soka, sai ka ga fayilolinka duk sun zama 'yan gumaka masu kibiya a gefe, takardun jarabawar zango sun ɓace. Wannan bairos ɗin da harshen Windows aka rubuta shi. In ka soka filashin nan a kwamfuta mai Mint, ba ya iya motsi. Za ka ga komai a fili: fayilolinka na gaskiya da ya ɓoye suna nan, wani lokacin cikin wata jaka marar suna, ga kuma tarkacensa masu ƙarewa da .lnk ko .vbs. Ka kwashe naka, ka goge nasa, shi ke nan. Na ga wani hedimasta da ya riga ya haƙura da sakamakon ɗalibansa na shekara, aka soka filashinsa a irin wannan kwamfuta, sai ga jakar da sunan kowane aji. Ya daɗe yana kallon allon kafin ya ce da yaron da ya yi aikin, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka."

Kada wannan ya sa a ɗauka Linux ba ya kamuwa da komai. Mai damfara da ya turo maka shafin bogi yana neman lambar BVN ko lambar sirrin katinka bai damu da wace manhaja kake amfani da ita ba. Kuma in ba ka goge tarkacen ba, za ka iya kai wa maƙwabcinka mai Windows cutar da kai ba ta kama ka ba.

Akwai wata magana da ba a cika yi ba. Yawancin waɗannan kwamfutoci na ofis suna zuwa da lasisin Windows na gaskiya a jikinsu, amma Office da CorelDRAW da ake loda mana a shago kusan kullum fasassu ne. Kafin a saka abin fasawar, sai an kashe mai gadin kwamfutar, kuma babu wanda ya san me ke cikin abin da aka saka. Wanda zuciyarsa ba ta kwanciya da amfani da haƙƙin wani ba da izini ba, Linux ya raba shi da wannan damuwa gaba ɗaya, domin masu shi da kansu suka ce a ɗauka.

Rubutu da lissafi

Mint yana zuwa da LibreOffice a ciki: Writer a madadin Word, Calc a madadin Excel, Impress a madadin PowerPoint. Wasiƙa, takardar neman aiki, tambayoyin jarabawa, lissafin buhunan riɗi ko shinkafa, jadawalin adashi, duk yana yi ba tare da matsala ba, kuma yana buɗe fayilolin docx da xlsx, yana ajiyewa a cikinsu.

Inda gizo ke saƙa shi ne takarda mai tsari da yawa da za ta riƙa kai-komo tsakaninka da mai Word. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ko Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke rubuta furojet, mai tebura da lambobin shafi iri biyu, zai iya tarar da layi ya goce ko tebur ya tsallaka shafi in malaminsa ya buɗe a Word. Yawancin wannan daga salon haruffa yake. Linux ba ya zuwa da Times New Roman ko Calibri, amma akwai madadinsu, Liberation Serif da Carlito, waɗanda aka auna faɗinsu ya zo daidai. Ana kuma iya saukar da Times New Roman da Arial kyauta daga kantin manhajojin. Dabarar da ta fi kowace ita ce duk abin da za ka kai a buga, ka mayar da shi PDF tun a gida. Maɓalli ɗaya ne a Writer, kuma PDF ba ya sauya kamanni a kowace kwamfuta. Fayil ɗin Excel da ofis ya ba ka mai ɗauke da umarnin da ke lissafi da kansa, irin wanda ake cike sakamako ko rahoton wata, shi ka gwada shi tukuna, domin wani yana aiki a Calc, wani ba ya yi.

Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, duka ɓangarorin biyu suna da tsarin kibod na Hausa, sai dai a shiga saiti a ƙara shi. Larabci ma haka. Malamin Islamiyya zai rubuta daga dama zuwa hagu da wasali a Writer lafiya lau, akwai kuma kyawawan haruffa kyauta irin su Amiri. Amma tsohuwar Maktaba Shamila da ake kwafa a filashi daga malami zuwa malami manhajar Windows ce. Akwai shafinta a intanet, sai dai wannan na buƙatar sabis. Malamin da rabin karatunsa a cikinta yake ya yi tunani sau biyu.

Inda Windows ya yi nasara ba gardama

In da CorelDRAW kake cin abinci, kana zana katin biki, kalandar maulidi, fostar 'yan takara da satifiket, ka zauna a Windows. Babu CorelDRAW na Linux. Akwai Inkscape, kuma manhaja ce mai kyau, amma maɗaba'ar da za ka kai wa aiki a Kano fayil ɗin Corel take jira, kuma hannunka ya riga ya saba. Haka Photoshop: GIMP yana gyara hoton fasfo da kyau, amma ba za ka koye shi a daren da kwastoma ke jira ba. AutoCAD babu. CapCut na kwamfuta babu, sai Kdenlive ko Shotcut. Masu fulashin ɗin waya da cire mata kulle, yawancin kayan aikinsu na Windows ne. Haka wanda ke aiki da na'urar ɗaukar hoton yatsa, da yawancin manhajojin gwajin JAMB da ake lodawa a kwamfuta. Akwai wata gada da ake kira Wine da ke sa wasu manhajojin Windows su yi aiki a Linux, amma sa'a ce, ba a ɗora sana'a a kanta. Wasan ƙwallon da samari ke kwafa a filashi shi ma haka, kuma gara a faɗa wa yaran gida gaskiya tun kafin a sauya.

Abin da ya rage na yau da kullum kuwa, babu bambanci: Firefox da Chrome, WhatsApp ta birauza, Telegram, Zoom, YouTube, VLC na kallon fim da sauraron tafsiri, kwashe hotuna daga waya da kebul. Ga yara akwai GCompris mai wasannin lissafi da haruffa, da Tux Typing na koyon buga rubutu, da Kiwix da ke ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba intanet. Yaron da ya iya linzami da kibod a Mint ba zai ruɗe a cibiyar jarabawa ba. Sai dai a makaranta da sunayen Word da Excel ake koyarwa, don haka a nuna masa wanne ne takwaran wanne.

Firinta, Wi-Fi da mai gyara

Firinta sai an bi ta ɗaya bayan ɗaya. Yawancin na HP suna aiki da zarar an soka, ko da yake tsofaffi irin LaserJet 1018, 1020 da P1005 suna buƙatar a sauko musu da wani ɗan ƙari sau ɗaya. Epson masu tankin tawada irin L3110 suna da direban Linux daga kamfanin, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar. Canon LBP2900, wadda ta cika shagunanmu saboda juriyarta, tana da direba amma saita ta na ba da wahala ƙwarai. Wi-Fi kuwa, katin Intel yana tashi nan take. Wasu HP da Dell masu katin Broadcom sai an saka musu direba, kuma a nan mutum kan tsaya cirko-cirko: ana buƙatar intanet don a gyara intanet. Mafita tana aljihunka. Ka haɗa wayar Android da kebul, ka kunna raba intanet ta USB, Mint zai gan ta ba tare da wani direba ba, sai ka buɗe Driver Manager, manhajar Mint mai saka direbobi, ya ƙarasa.

Amma duk waɗannan ƙananan abubuwa ne in aka kwatanta da matsalar da na ɗauka ita ce babba a karkara: wa zai taimake ka ranar da ta ƙi tashi? Windows kowa ya ɗan san shi. Yaron shagon caji ya sani, malamin kwamfuta na sakandare ya sani. Linux kuwa, kana iya kai ta garin ƙaramar hukuma, mai gyara ya buɗe ya duba ya ce, "Malam, wannan wace irin Windows ce? Sai dai mu yi mata fomat." Ba mugunta ba ce, abin da ya iya ke nan. In ka amince, duk abin da ke ciki ya tafi, kuma Windows ba ya ma iya karanta faifan da Linux ya tsara balle a kwashe maka kayanka tukuna. Don haka duk wanda zai ƙaura ya yi abu biyu. Ya ajiye filashin da aka saka masa Mint da shi, kada ya goge, domin da shi ake tayar da kwamfutar a kwashe fayiloli ko da tsarin ya lalace. Kuma ya san mutum ɗaya, ko ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Kazaure ko Wudil da ke dawowa hutu, wanda zai iya tura wa hoton allo ta WhatsApp. Yawancin taimakon da ke intanet da Turanci yake, kuma wannan gaskiya ce da ke rage wa Linux maki a wurinmu. Ina fata matasanmu masu gyara za su koyi wannan aiki, domin kwamfutocin da Windows 11 ya ƙi suna da yawa, kuma masu su za su nemi mai duba musu.

Gwaji kafin yanke hukunci

Abin da ya fi burge ni da Linux shi ne ba sai ka yarda da maganar kowa ba. Ka samo filashi mai gigabait 8, a ɗora masa Mint da manhajar Rufus ko balenaEtcher. Ka kashe kwamfuta, ka soka, ka kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ko Lenovo ce, ka zaɓi filashin. Mint zai tashi gaba ɗayansa daga cikin filashin ba tare da ya taɓa Windows ɗinka ko fayil ɗaya ba. Zai ɗan fi nauyi a haka, kada ka auna saurinsa da wannan. Ka gwada Wi-Fi, sauti, kyamara, maɓallan hasken allo. Ka soka firintarka ka buga shafi. Ka buɗe takardar da ta fi kowace muhimmanci a aikinka ka ga yadda ta fito. In ka cire filashin ka sake kunnawa, Windows ɗinka na nan yadda ka bar shi.

In ka gamsu, kafin komai ka kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri daban, ka buɗe su a can ka tabbatar sun kwafu. Mai saka Mint zai tambaye ka ko ya goge faifan duka ko ya zauna gefen Windows. Zama gefe da gefe yana da amfani ga mai buƙatar manhaja ɗaya tak ta Windows: ya shiga can ya yi aikin Corel ko Shamila ba tare da intanet ba, ya dawo Mint don duk abin da ya shafi intanet da filashin mutane. Sai dai faifai mai gigabait 128 ya yi kaɗan ga biyun, a nemi 256.

Ga yadda nake gani. Mai kwamfuta zubi na takwas zuwa sama, wadda ke tafiya daidai, ya hau Windows 11 ya huta, babu dalilin tayar da zaune tsaye. Mai sana'ar da ta rataya a kan manhajar Windows ya zauna, ya tara kuɗin wadda ta cika sharaɗi, kafin nan ya rage haɗa ta aikin da intanet. Amma kwamfutar gida ta zubi na biyu zuwa na bakwai, wadda aikinta rubutu ne, karatu, kallo da shiga intanet, Mint ya fi mata Windows 10 da aka daina kulawa, ya kuma fi mata Windows 11 na dole. Mai ram gigabait 4 ko ƙasa ya ɗauki Xfce, mai 8 ya ɗauki Cinnamon. Tsofaffin can kuwa masu furosesa 32-bit, irin ƙananan laftof ɗin da aka yi yayi wajen 2009, Mint 22 ba zai hau kansu ba, sai a nema musu antiX, kuma kada a sa ran za su iya da YouTube.